Ranar da Na Haɗiye Dariyata

Ina da wani ɗan aibi: idan na yi barkwanci ni nake fara dariya, sau da yawa ma ni kaɗai nake gamawa. Matata Hauwa'u ta ce mai ƙosai ba ta cinye ƙosanta. Ni dai ban ga laifin ɗanɗanawa ba.

Zakiyya 'yar yayana marigayi ce, a hannuna ta tashi a nan Dutse. Ranar da magabatan Saifuddeen za su zo daga Kiyawa neman aurenta, ta durƙusa a gabana idonta ya ciko.

"Baffa, don girman Allah... gidan malamai ne. Kar ka yi dariyar nan."

"Wacce daga ciki?"

"Wadda kake dukan cinya."

"In na yi fa?"

"Baffa, ina sonsa!" Ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗaki.

Na yi alƙawari.

Suka iso, baffan yaron, Alaramma Idirisu, yana gaba. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Sale, ko akwai wani sharaɗi?"

Bakina ya riga ni. "Ɗaya ne. A zuri'armu ba ma ba da 'ya sai mai nema ya nome mana gona shi kaɗai."

Dariya ta taso mini tun daga cibiya. Na tuna alƙawari, na danne ta. Fuskata ta murtuke, idona ya yi ja, har da hawaye.

"Allah sarki," in ji wani daga baya, "al'adar iyaye ce, har ta sa shi kuka."

Alaramma ya gyara rawani. "Za mu yi shawara." Suka tashi, ko furar da aka kawo musu ba su taɓa ba.

Zakiyya ta daina cin abinci. Ni kuwa kaina ya ɗaure.

"Wai me kuke so da ni? Na yi dariya laifi, na ƙi yi laifi!"

"Malam," in ji Hauwa'u, "ai dariyar taka ce take sanar da mutane wasa kake. In babu ita, wa zai gane?"

Ina shirin tafiya Kiyawa in warware zance, sai na hango mutum duƙe a gonar riɗin da ke bayan gidana. Saifuddeen ne, malamin makaranta a Kafin Hausa, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba. Fartanya ta kumbura masa tafin hannu. Zakiyya na leƙe ta kan katanga tana kuka.

"Ka bari haka, hasken idona... hannunka!"

"Ko gona goma ce zan nome, Zakiyyata!"

Na matsa in ce wasa nake. Ya zube ƙasa yana haki. "Baffa, aikin bai yi ba ne?"

Me zan ce? Na ce, "Ya yi... Allah ya yi albarka."

Da Alaramma ya ji yaro ya cika sharaɗi, da kansa ya dawo aka sa rana. Bayan kaka aka ɗaura aure, na yi kuka na gaske, wasu suka ɗauka dariya nake.

Gonar dai ta maƙwabcina Jaji ce. Ni ban taɓa mallakar gona ba.