Sharuɗɗan Aljanin Auta

Ana gab da magariba, Umma na kwashe shanya a tsakar gida, kwanon rufi ya yi ƙara sau uku kamar an jefo tsakuwa. Ko kai ba ta ɗaga ba. Wata uku ke nan ana haka, ta kuma san abin da zai biyo baya.

Autarta, malamar firamare, tana zaune a bakin gado tana duba littattafan 'yan ajinta. Jan biron ya suɓuce mata. Ta dafe ƙirji, gumi ya keto mata, numfashi na fita guntu-guntu.

"Umma, mutuwa zan yi."

Ranar farko Umma ta kurma ihu har maƙwabta suka cika gidan. Yanzu kuwa ko gabanta ba ya faɗuwa. Zuciyar Umma ta bushe, hannuwa ne kawai ke aiki. Sai da ta ƙarasa ninke zanen da ke hannunta, sannan ta kira Goggo, yayar marigayi mijinta.

Likita dai ya auna zuciyar Auta ya ce lafiyarta ƙalau. Ciwon firgici ne, in ji shi. Ya ba ta ƙwayoyi, ya koya mata jan numfashi a hankali tana ƙirgawa, ya ce ta riƙa zuwa duk mako su zauna su yi magana. Goggo ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin inda hira ta kori aljani ba. Ta kulle ƙwayoyin a akwatinta. Daga ranar, da abin ya taso sai a rufe ƙofa da taga, a turnuƙe ɗakin da hayaƙi, a danne Auta kada ta gudu. Ita Goggo ba a ja da ita, Umma kuwa ta gaji da tunani. Auta sai ramewa take, har makarantar ta daina zuwa wasu ranaku.

A yammacin nan malamin cire aljanu da aka daɗe ana jira ya iso, dattijo mai sanyin murya. Ya shiga ɗakin yana tari. Ya zauna ya fara karatu, Umma riƙe da hannun Auta ɗaya, Goggo riƙe da ɗayan. Can jikin Auta ya sandare, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa haka."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ba ruwanka da sunana. Ni ma na gaji da gidan nan. Zan fita, amma da sharaɗi."

"Muna jin ka."

"A buɗe taga. A fitar da garwashin nan. A sake mata hannu. A ba ta maganinta da ke cikin akwati, a bar ta ta koma wurin likita."

Goggo ta ce, "Malam, makirci ne, kada ka biye masa."

Malam ya daɗe yana duban fuskar Auta.

"Bai nemi abin da Allah ya hana ba," ya ce. "Addu'a ba ta hana magani, baiwar Allah. Ɗauko mabuɗin."

Aka buɗe taga. Malam ya sa Auta ta ja numfashi yadda likita ya koya mata, yana taya ta ƙirga. Kafin a kira salla ƙirjinta ya lafa, ta buɗe ido.

"Ya tafi," in ji Malam. "In kuka saɓa alkawari, zai dawo."

Goggo ta fita raka shi tana gunaguni. Umma ta kawo ruwa a kofi da ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ta zauna kusa da 'yarta.

"Auta, kin san abin da ya faɗa ta bakinki?"

Auta ta haɗiye maganin, ta miƙa mata kofin.

"Na sani, Umma. Wata uku ina faɗa miki da muryata."

Umma ta zauna riƙe da kofin har duhu ya shigo ɗakin. Ta nemi hawaye, ko ɗigo ɗaya bai zo ba.