Bakin Ƙofar Da Yaya Ya Tsaya

Ta wuce ƙofar shagon, ta dawo, ta sake wucewa, kafin ta samu ƙarfin halin shiga. A rungume take da jaka, a cikin jakar kuma tsohuwar na'urar gem ce, irin ta wasa a talabijin, naɗe cikin tawul.

Shagon ƙarami ne, yana warin dalma, hannayen gem masu maɓallan dannawa rataye a jikin ƙusoshi. Saurayin da ke bayan tebur ya ɗago kai, sukundireba maƙale a bayan kunnensa. Ta yi sallama can ƙasa-ƙasa, har sai da ya matso kafin ya ji bayaninta: na'urar ba ta kamawa, jar fitila kawai take yi ta mutu.

Ya juya ta a hannunsa, ya ce irin waɗannan tsofaffin ba sa mutuwa da sauƙi.

“Don Allah,” ta ce, idonta a ƙasa, “abin da ke ciki kada ya goge.”

“Ba abin da zai goge, in sha Allahu.”

Ya karɓi lambarta. Ta fita ba ta gaya masa dalili ba, don ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Auta ake kiranta a gida. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti take aiki, inda za ta wuni da kwalabe ba sai ta yi magana da mutane ba. Na'urar ta yayanta ce. Yaya yana da ciwon farfaɗiya, kuma wata rana da la'asar yana wasa a falo, hasken talabijin na walƙiya, ciwon ya tashi. Ya faɗi kansa ya bugi bakin tebur. Bai sake tashi ba.

Bayan rasuwar Yaya, Abba ya tattara duk wani abin gem ya fitar daga gidan. Umma ce ta ɓoye na'urar a ƙasan akwatin kayanta, daga baya ta miƙa wa Auta a asirce. Tun daga nan, idan Abba ya fita, Auta kan kunna ta, murya a ƙasa, kunnenta a ƙofar gida. Nata wasan na noma ne. Na Yaya kuwa buɗe shi kawai take yi. Ɗan mutumin da yake wasa da shi yana nan tsaye a cikin wani kango mai duhu, fitila a hannu, a gaban wata ƙofar ƙarfe, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka kamar mai numfashi. Nan Yaya ya bar shi. Takan kalle shi har zuciyarta ta fara bugawa, sannan ta kashe. Ba ta taɓa danna ko maɓalli ɗaya ba.

Washegari tana wurin aiki saƙo ya shigo.

“Assalamu alaikum, mai gyara ne. Wata 'yar waya ce ta ƙone, sai an kawo sabuwa. Ta kama na ɗan lokaci, na ga gonarki. Wa ya koya miki jera kabewa a layi haka?”

Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa.

“Ka shiga gonata ba sallama?”

“Na yi sallama. Kaji ne suka amsa.”

Ta yi dariya ita kaɗai, ta waiga da sauri ko an ji ta.

Kayan gyaran suka yi jinkirin zuwa, saƙonni kuwa ba su yi jinkiri ba. Ya gaya mata lantarki ya karanta a jami'a, aiki bai samu ba, ya buɗe shago. Ya ce wasan tseren mota a kan tsauni cikin ruwan sama shi ne na ɗaya a wurinsa, na ƙwallo kuma ya daina tun da yayarsa ta lallasa shi a gaban abokansa. Ya raɗa mata Manomiya, ita kuma ta koma ce masa Injiniya.

“Manomiya, me ya sa na noma kawai?”

“Don babu wanda ke mutuwa a ciki. Kai fa, me kake ji in kana buga wasannin ban tsoro?”

“Tsoro ne da zan iya kashe shi da maɓalli ɗaya. Na gaske ba a kashe shi haka.”

Ta daɗe tana kallon saƙon. Ranar ta kusa gaya masa labarin Yaya, sai ta fasa.

Ta fara biyawa ta shagon idan ta tashi daga aiki, wai don ta ji ko kayan sun iso. Kullum tana zaune a bakin kujera, jaka a cinya, tana leƙen titi. Akwai wani ɗan abokin Abba, ma'aikacin banki, da ke zuwa wurinta da yardar gida. Ba mugu ba ne, sai dai in ya zauna shi ke tambaya shi ke ba da amsa. Wata rana tana ciki ta hango motarsa ta rage gudu a gaban shagon.

Ranar da aka gama gyara Injiniya ya turo: “Ta warke sarai. Kuma ina da kyauta ta musamman ga Manomiyata.”

Ta same shi yana ta murmushi. Ya kunna, ya buɗe wasan Yaya. Babu kango, babu ƙofa. Ɗan mutumin yana tsaye a wani fili mai ciyawa, rana na haska shi.

“Na ga kin maƙale a wurin nan shekara da shekaru,” ya ce. “Na san duhun ne ke ba ki tsoro. Shi ne na buɗe miki.”

Ta tambaye shi ko za a iya mayar da shi inda yake. Murmushinsa ya fara raguwa. Ya ce wasan da kansa yake ajiye sabon wuri a kan tsoho, babu komawa.

“Ba ni na tsaya a wurin ba,” ta ce. “Yayana ne. Yana wurin ya rasu.”

Ta fita ta bar na'urar, ta bar jakar. Ba ta ma ji abin da yake faɗa a bayanta ba.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

“Ban sani ba. Da na tambaye ki. Laifina ne.”

“Manomiya, ko ba za ki yafe min ba, akwai abin da na gani a ciki da ya kamata ki gani.”

Ba ta amsa ko ɗaya ba.

Ana cikin haka ma'aikacin bankin ya kai wa Abba labari, a ganinsa taimako ya yi. Abba ya kira ta falo. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata ta. Ya tambaye ta me take yi a shagon gem. Umma ce daga bakin ƙofa ta ce ita ta ɓoye na'urar.

Abba ya cire tabarau ya ajiye a kan teburin nan, wanda har yanzu ba wanda ke son kallon bakinsa.

“Likita ya ce ba ni da ciwon, Abba,” Auta ta ce da ƙyar.

“Shi ma likita ya ce da sauƙi.” Muryarsa ta ɗan karye. “Na rufe ɗaya da hannuna. Ba zan rufe na biyu saboda wasa ba. Wanda kuma wannan ce sana'arsa, ba zai taka gidan nan ba.”

Ranar Asabar da hantsi tana wanke-wanke ta hango Injiniya ta tagar kicin, tsaye a ƙofar gida, rungume da jakarta. Kofi ya suɓuce daga hannunta. Abba ne ya buɗe masa.

Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi, jakar na neman faɗuwa saboda rawar da hannunsa ke yi. Ya ce ya yi wa 'yar gidan laifi, ya zo ya dawo da amana. Abba ya ce ya tafi da na'urar, ko ya jefa ta a shara.

“Zan tafi, Baba. Amma kana ciki. Marigayi ya saka ka a ciki.”

Abba ya tsaya da hannunsa a kan ƙofa. Auta ta riƙe bakin wurin wanke-wanke, tana jiran ta ji an buga ƙofar. Ba a buga ba.

A falo Injiniya ya fara yaye labule, ya rage hasken talabijin, ya nuna wa Abba inda ake kashe walƙiyar wasan gaba ɗaya, ya kashe a gabansa. Sannan ya jona hannun gem na biyu. Wani ɗan mutum ya bayyana kusa da na Yaya: furfura a gemu, tabarau a kan hanci, lema a hammata. Umma ta toshe bakinta, don Abba ba ya fita ba lema ko da sama tas take. A saman kan mutumin an rubuta Abba.

Injiniya ya yi bayani a hankali. Ƙofar ba ta buɗuwa sai mutum biyu sun taka duwatsu biyu a lokaci guda. Marigayi bai kasa wucewa ba. Ya shirya abokin tafiyarsa ne, ya tsaya yana jira.

Umma ta ce, kamar mai magana da kanta, ta tuna Yaya yana ta cewa Abba zo ka danna min maɓalli ɗaya kawai.

“Na ce masa sai na gama karanta jarida,” in ji Abba.

Ya zauna a hankali. Auta ta tsaya a jikin bango, ba ta san ko kuka zai yi ko kuma zai fasa talabijin ɗin ba. Ya daɗe yana kallon mai lemar. Can ya juya wurin Injiniya.

“To kai da wa ka buɗe?”

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya ce ɗaya ya riƙe a hannu, ɗayan kuma ya ajiye a ƙasa ya danna da babban yatsan ƙafa.

“Wato da ƙafa ka tuƙa ni.”

“Ban san kai ba ne a lokacin, Baba.”

Wata 'yar dariya ta ƙwace wa Umma cikin hawaye. Abba bai yi dariya ba, amma ya miƙa hannu.

“Wanne ake dannawa?”

Saura hannun gem ɗin Yaya a kan tebur. Kowa ya dubi Auta. Ta ɗauka. Ta ɗora yatsa ta tura a hankali, ɗan mutumin ya ɗaga ƙafa ya yi taku, fitilarsa na lilo. Ta saci kallon Abba, ta ga shi ma ita yake kallo, ba talabijin ba, yana jiran ko wani abu zai same ta. Babu abin da ya same ta. Suka bi ta cikin ciyawar, mai lema ya faɗa rafi, ya fito, ya sake faɗawa, na Yaya yana tsaye a gaɓa yana jiransa.

Da yamma ta ɗauki waya.

“Har yanzu ina jin haushinka.”

“Na sani. Ina nan tsaye a bakin ƙofa, ba zan taɓa komai ba sai kin ce.”

“Hannunka rawa yake ta yi ɗazu.”

“Ƙafata ma. Ban taɓa buga wasa mai ban tsoro kamar falonku ba, Manomiyata.”

Abba bai amince nan take ba. Sai da ya kai ta wurin likita da kansa aka sake gwaji, ya zauna ya yi tambayoyi har likitan ya gaji. Ya je shagon ba sanarwa, ya zauna a kujerar da take zama, ya ga yadda saurayin ke mu'amala da mutane. Ya aika aka binciki gidansu. Ma'aikacin bankin ya gane inda aka dosa, ya janye cikin mutunci. Duk tsawon lokacin, in Abba ya kira sunanta gabanta sai ya faɗi, har ranar da ya kira ta ya ce ta gaya wa yaron ya turo manyansa.

Aka ɗaura aure, gida ya cika da 'yan uwa. Da za a tafi da ita, Umma ta ɗauko na'urar naɗe cikin tawul ɗin nan za ta sa a kayanta. Abba ya ce a'a, a bar ta a nan.

“A wasan mun tsaya a gindin wata bishiya, ba mu ƙarasa ba. Ranar Asabar ku zo.”

Ya ɗora hannu a kanta. Ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai lafiya, ya jiƙan wanda ba ya nan. Sannan ya dubi ango.

“Kai kuma, in ka ga an tsaya a bakin ƙofa, ka fara tambaya.”

“In sha Allahu, Abba.”

A cikin mota ta ga hannunsa a kan gwiwa bai daina rawa ba. Ta ɗora nata a kai, ta bar shi a wurin har suka isa gida.