Ƙasar da Muttaka Ya Barbaɗa a Gidansa

Masu cewa Allah Ya ba su irin arzikin Muttaka na Cadawa, ku dakata ku ji tukuna.

Dillalin aya ne mai dogon buri. Shi ya kai kansa wurin boka Tala a dajin Gazawa, gindin wata matacciyar bagaruwa da jini ya baƙanta kututturenta, ƙasar wurin duk ƙaya da ruɓaɓɓen gashin kaji.

"Ɗebi ƙasar nan ka barbaɗa a tsakar gidanka," in ji Tala. "Ranar da ka faɗi inda ta fito, arziki ya tafi."

"Me zan biya?"

"Ƙasa ta san mai taka ta."

Muttaka ya dubi takalminsa, ya ce ya yarda.

Kafin kaka ta zagayo, motocinsa ke kai aya Katsina. A lokacin ne ƙaya ta soki 'yarsa Nazira a tsakar gida. Ƙafa ta kumbura, ta huhhuje, tana zubar da baƙaƙen ƙwayoyi kamar tsakin gero.

Likitan Maraɗi ya ce, "Fumfuna ce, Alhaji, mai cin nama har ƙashi. Iri-iri ce, kowace da maganinta. Sai mun gane wace ce."

Aka tura ƙwayoyin ɗakin gwaji a Yamai, aka shuka su a faranti don a gane irin fumfunar, suka ƙi tsirowa. Likita ya ce a kawo ƙasar da yarinyar ta taka, a kuma faɗi asalinta, ko a dace.

"Baba, ai a gida na taka," in ji Nazira.

Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Don kada arziki ya tafi, ƙasar gona la'anannen ya kai musu!

Aka yi ta magani a makance. Aka yanke ƙafa, ciwo ya hau cinya. Uwarta Maimuna ta zauce, tana sharar tsakar gida har tafinta ya yi jini. Sai a sannan Muttaka ya kai ƙasar gaskiya, ya tona komai, motoci suka bi juna suna ƙonewa.

An gane fumfunar. Ashe ma akwai maganinta a Maraɗi. Likita ya kira da murna ya iske ana zaman makokin Nazira.

Kaico! Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, ka ji tsoron Allah. Kai ke ƙulla ciniki da boka, amma wanda bai ji ba bai gani ba shi ke biya.