Abin Wuyan Duna

Ranar Litinin da hantsi wani tsoho ya shigo ofishin 'yan sanda rungume da abin wuyan kare mai ruwan lemo. 'Yar sandan da ke kanta ta yi ta tambayarsa yana cewa "Eh?", da ta ga sunansa Dalyop Choji, ɗan Najeriya, sai ta tura shi wurin Yashim Katung.

Yashim ɗan sandan bincike ne, amma 'yan Najeriya mazauna garuruwan Lanham da Largo a nan Amurka Sufeto suke ce masa, ya gyara musu har ya gaji ya bari. Shekara uku ke nan da matarsa ta koma Kaduna da yara. Tun daga lokacin a mota yake cin abincin rana, shi da rediyo.

"Baba, sannu da zuwa. Me ya faru?"

"Ɗaga murya, ɗana, kunnen ya tafi."

Yashim ya ɗaga.

"Duna aka sace mini," in ji tsohon. "Karena. Kwana tara yau."

Duna ɗan guntun karen farautar zomo ne, fari da ja, ko ɗigon baƙi babu a jikinsa. Sunan wani kare ne da Baba Dalyop ya yi a Riyom yana saurayi. Tun rasuwar matarsa Edna, karen nan ne kaɗai mai numfashi a gidan bayan shi.

"Kwana tara, Baba, sai yau?"

"Martins ya ce kada mu dami hukuma a kan kare. Abokina ne, shekara goma sha takwas muna farauta tare. Kullum da safe ina zuwa in ɗauke shi mu fita nema. Mutumin kirki."

Yashim ya rubuta sunan. Ya ɗauki abin wuyan ya juya. Ba a yanka shi ba, kwance shi aka yi. Tsohon ya ciro wata na'ura kamar wayar hannu mai doguwar eriya, ya ce ita ke nuna inda karen yake.

"Wa ya zaɓa muku wannan?"

"'Yata Chundung ta kai ni shagon, da Martins. Iri biyu ne. Akwai mai GPS kawai, ka ga inda kare yake. Akwai mai GPS da horo, ka danna ya yi ƙara a wuyansa, ko ka ba shi shokin. Chundung ta ce a ɗauki mai horo. Martins ya ce duk shirme ne, kunne ya isa. Na ɗauki mai horo, amma na sa mai shagon ya cire ƙarafan shokin a gabana. Ƙarar kawai na koya masa. In ya ji ta sau biyu, ya san nama na jiransa a hannuna."

Ranar da abin ya faru, Asabar ce ta tsakiyar Nuwamba, a dajin da aka keɓe wa mafarauta can kudancin gundumar. Baba Dalyop ya saki karen, ya zauna a bayan motarsa saboda gwiwa, yana kallon allon na'urar. Ɗigon da ke nuna karen ya yi yawo, ya yi yawo, sai ya tsaya cak. Da ya lallaɓa ya isa wurin, abin wuyan ne rataye a reshe.

Yashim ya buɗe tarihin tafiyar a na'urar. Minti ashirin na farko layin ya yi ta murɗewa kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, kuma na'urar ta ƙirga haushi fiye da ɗari. Daga nan layin ya miƙe sambal, yadi ɗari uku, da saurin tafiyar mutum. Haushi kuwa ko ɗaya.

Karen farauta ba ya tafiya a miƙe sai da igiya a wuyansa. Kuma ba ya bin baƙo bakinsa a rufe.

Da azahar Yashim ya sami Chundung a gidanta na Largo, ta dawo daga asibiti ko kayan aiki ba ta cire ba.

"Ni ba ni da matsala da Duna," ta ce. "Ina son shi sosai."

Yashim ya dubi teburin cin abinci. Takardar wani gidan da ke karɓar karnuka ce a kai, an cike rabinta.

Ta bi idonsa, ta sauke numfashi. "Okay, na yi ƙarya. Daddy yana da ciwon zuciya, shekararsa saba'in da huɗu, yana shiga daji shi kaɗai. Na so ya dawo nan, kuma nan ba a yarda da kare ba. Amma ban iya aikawa ba."

"Duna yana yarda da ke?"

"Ni? Tun daga parking yake fara mini haushi. Ku tambayi maƙwabta."

"Kin ce shi kaɗai yake shiga daji. Ina Baba Martins?"

"Ai da tare suke. Daddy ba ya ji, to Uncle Martins ne kunnensa. Shi ke saurarar haushin ya ce kare ya yi gabas, ya taso zomo, ya juyo. Tunda aka sayi collar ɗin nan, abin wuyan, a Satumba, Daddy yana gani da idonsa. Ina jin ya daina ɗaukarsa."

Ta faɗi haka ne kamar ba komai ba, tana neman makullin mota.

Washegari da safe Yashim ya tafi dajin shi kaɗai, na'urar a hannu. Ganye ya gama zuba, wurin shiru sai ƙarar takalminsa. Ya sami reshen. Babu sawun kirki, kwana goma sun shafe komai.

Yana shirin juyawa ya hango wata doguwar ciyawa da aka ƙulle kanta. Ya matsa gaba kaɗan, ga wata. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙulli bakwai, har suka fitar da shi wata hanyar tsakuwa a bayan dajin, inda mota za ta iya tsayawa ba a gan ta ba.

Ya tsaya yana kallon ƙullin ƙarshe. Mafarautan ƙasar nan ƙyalle mai launi suke ɗaurawa a itace. Ƙullin ciyawa kuwa, rabonsa da ganinsa tun yana yaro a bayan kakansa a Kagoro. Wanda ya yi wannan a gida Najeriya ya koyi daji, kuma hannunsa ne ya ƙulla ba tare da ya shawarci kansa ba. Abin ya ba Yashim tausayi, kuma bai so hakan ba.

Da rana ya ɗauki Baba Dalyop suka nufi gidan Martins a Lanham. Ya roƙe shi ya jira a mota, ya kuma kira wani ɗan sanda mai kaki ya tsaya a bakin layi.

Martins dogo ne, siriri, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Ya buɗe ƙofa da fara'a.

"A'a, Sufeto! Shigo, shigo."

Falon tsaf, kujera ɗaya ce kawai ta lotsa. A bakin ƙofa takalman daji guda biyu ne a jere, an goge su.

"Baba, ina kuke ranar Asabar ɗin da Duna ya ɓata?"

"Ina nan gida. Ina za ni? Ba a gayyace ni ba."

"Kun san hanyar tsakuwa ta bayan dajin?"

"Ban taɓa bi ba."

"Kuna ƙulla ciyawa in kun shiga daji?"

Martins ya yi dariya, amma ta makara. "Wa ke yin wannan a Amurka?"

Yashim ya ciro abin wuyan daga jaka ya ajiye a kan tebur. Ya riƙe na'urar.

"Kun san ƙarar abin nan?"

"Ni ba ruwana da shi tun ranar da aka saye shi."

Yashim ya danna sau biyu. Ƙarar 'yar siririya ce, ba ta fi kukan tsuntsu ba. Daga ƙarƙashin ƙafafunsu, can ɗakin ƙasa, sai haushi ya ɓarke, da kartar ƙofa, da kukan kare mai neman ubangidansa.

Martins bai motsa ba. Can ya zauna a kujerar da ta lotsa.

"Ya ci abinci," ya ce. "Kaza nake dafa masa. Ban taɓa dukansa ba."

Da kansa ya sauka ya buɗe. Duna ya fito a guje, ya bi ta ƙofar waje da aka bari a buɗe. Kafin Yashim ya leƙa, tsohon ya fito daga mota ya durƙusa a kan ciyawa duk da gwiwar, karen yana lasar fuskarsa.

Da tsohon ya ɗago ya ga Martins a bakin ƙofa, sai murnar ta tsaya.

"Kai? Martins, kai?"

"Ni ne." Ya ɗaga murya yadda ya saba yi masa. "Na jira a daji, na yi masa fito, ya zo. Na ce kwana biyu zan riƙe shi in ce na tsince shi."

"To me ya hana?"

"Ka kira ni, Dalyop. Ranar nan da yamma ka kira ni. Washegari ka zo da shayi a flas, muka shiga daji kana cewa, Martins, saurara mini. Wata biyu wayata ba ta yi ƙara ba sai masu talla. Kullum in ce gobe zan mayar, in gari ya waye sai in ga motarka a waje."

"Ina kuka a gabanka!"

"Na gani."

"Da ka ce in ɗauke ka, ai da na ɗauke ka."

"Shekara goma sha takwas ban taɓa roƙo ba. Zuwa kawai kake yi."

Ɗan sandan mai kaki ya matso. Baba Dalyop ya kama hannun rigar Yashim.

"Ɗana, na janye. Karen ya dawo, a bar shi."

"Baba, an riga an shigar da ƙara. Dole ya je ya ba da bayani. Gobe ku zo ku faɗa wa mai gabatar da ƙara abin da kuka faɗa mini, ni ma zan faɗi nawa."

Yashim bai bari a sa ankwa ba. Martins ya ɗauki hularsa, ya kulle gidansa, ya shiga bayan mota. Kafin a rufe ƙofa ya ce wani abu a hankali, yana kallon abokinsa.

Motar ta tashi. Baba Dalyop ya ɗaura wa Duna abin wuyan. Allon ya nuna kare yana nan, yadi ɗaya.

"Me ya ce?" ya tambayi Yashim. "Ban ji ba."

"Ya ce ƙafar Duna ta hagu tana ciwo, kada ku fita da shi ranar Asabar."

Tsohon ya sunkuya ya taɓa ƙafar, karen ya janye ta. Ya dubi na'urar, ya dubi hanyar da motar ta bi.

"Abin nan bai gaya mini ba," ya ce.