Likitan da Bai Yanka Ba

A barandar asibiti a garin Lafiya Juwairiya ta fara ganinsa. Tana goye da Usaina, 'yar yayarta, wadda wani kumburi ke fito mata a matsematsi duk sanda ta yi kuka. Dogo ne mai tabarau, ya sunkuya ya gaisa da yarinyar kafin ya duba ta.

"Sunana Dakta Safiyullahi," in ji shi. "Ƙaba ce. Za mu yi mata aiki, amma ba za mu yanka cikin ba."

Juwairiya ta zaro ido. Ita a garinsu Kwandere, ƙaba ciwon maza ne. Yau ga ta a jikin 'ya mace, ga kuma aiki ba yanka.

"Likita, to ta ina za ku shiga?"

"Ta cibiya. Mu ɗan huda, mu zura siririyar kyamara, mu ga ramin, mu ɗinke shi ta ciki."

Ta gyaɗa kai. Ba ta gane ba, muryarsa ce dai ta kwantar mata da hankali.

Aiki ya yi kyau. Usaina na farkawa ta miƙa wa Juwairiya hannu tana kiran "Inna!" Nan take fara'ar likita ta ɗauke. "A gaida maigida," ya ce, ya wuce.

Wane maigida? Juwairiya ta bi shi da kallo. Sista Iveren, nas ɗin ɗakin, ta kwashe da dariya. "Shi yana tunani ke ne mama na yarinya. Bari ni zan gyara."

Da yamma saƙon likita ya shigo wayarta:

"Salam. An ce Usaina 'yar yayarki ce. In haka ne, ina neman izinin tambayar lafiyarki ke ma."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta rubuta: "Ƙalau nake. Aƙalla kafin in zo asibitinku ƙalau nake."

Daga nan ta zama "Juwai tawa", shi kuma "Dakta na". Sai da magana ta kai kunnen mahaifinta, Malam Bobbo, komai ya dagule. Ya kira Usaina, ya ɗaga rigarta.

"Ina ɗinkin? Ƙanena da aka yi wa aikin ƙaba, tabonsa ya kai taƙi guda. Mutumin da zai sa yarinya barci, ya tashe ta ya ce ya yi aiki, shi zan ba 'yata? Ga Muntaka ɗan baffanki, ko ba komai na san gaskiyarsa."

Ita ma Juwairiya ta lalubi cikin Usaina, ba ta ga komai ba sai wani ɗan ɗigo. Kanta ya kulle. Ta daina ɗaga wayarsa. Da abin ya ishe ta, ta tura masa: "Tsakaninka da Allah, ka yi aikin nan kuwa?"

"Juwai tawa, har ke? Ki faɗa wa Baba ina tafe."

Ranar Asabar keke napep ya sauke Dakta a ƙofar gida. Ya durƙusa gaban Malam Bobbo, ya miƙa masa waya. Bidiyon da kyamarar ta ɗauka ne.

"Wannan cikin jikata ne?"

"Shi ne, Baba. Ga ramin nan. Duba yadda zaren ke tsuke shi kamar bakin jaka."

Juwairiya na leƙe ta bayan labule. Tsohon ya ce a sake, aka sake. Ya dubi Usaina da ke bin ɗan maraƙi a guje.

"Har yanzu ban gane ba," ya ce. "Amma maƙaryaci ba ya kawo kansa gida. Turo magabatanka."

Bayan girbin doya aka ɗaura aure. Sista Iveren ce ta fara shiga fili, ta taka rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Da aka zo tafiya da amarya, Malam Bobbo ya dafa kanta, ya dubi ango.

"Na ba ka amana, Safiyullahi. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Gida ya amsa da amin, Juwairiya na kuka a cikin mayafi.