Ɓatan Gangar Alder Creek

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe aka kira Sufeto Shekari zuwa makarantar sakandare ta Alder Creek, kan hanyar McLeansville. An sace ganga ranar Lahadi da rana.

Gangar tana da tarihi. Kafin a haɗe makarantun baƙaƙe da na fararen fata, yaran baƙaƙen unguwar suna da tasu makarantar. An rushe ta, an zubar da takardunta, babbar gangar 'yan badujalarta kaɗai ta tsira. Sama da shekara hamsin tana cikin akwatin gilashi a zauren sabuwar makarantar, tsakanin kofunan ƙwallo. Duk shekara, ranar wasan da tsofaffin ɗalibai ke dawowa, sai a fito da ita, wani dattijo daga waccan makarantar ya buga ta sau uku kafin 'yan ƙwallo su shiga fili. Wasan bana ranar Juma'a ne.

Mataimakin shugaban makarantar, Elnathan Dogo, shi ya tare shi a ƙofa. Cocinsu ɗaya, kuma Shekari ya san mahaifinsa tun a Kafanchan.

"Sannu da zuwa, Baba. Ai ba za mu wahalar da kai ba. Mabuɗin akwatin biyu ne, nawa da na Gariba mai shara. Na riga na dakatar da shi."

"Kafin in zo?"

"Hukumar makaranta ba ta son jira. Gobe za a sallame shi."

Haka ake yi a irin waɗannan wurare. Da zarar abu ya ɓace, mai riƙe da tsintsiya ake fara kallo, kowa ya koma ofishinsa hankali kwance.

Shekari ya duba akwatin. Ba a fasa gilashi ba. Ya sa kai ciki, warin ruma ya buge shi. Katakon ƙasa ya kumbura, ya yi baƙi. Ya ɗaga ido: a cikin silin da ya tsufa duka, fale ɗaya ne sabo fari ƙal, daidai saman akwatin.

"Ka san harkar ganga, Elnathan?"

"Ni? Ɗan ƙwallo ne ni, Baba. Ban taɓa riƙe makaɗi ba."

Shekari ya sami Gariba a wurin ajiye motoci, zaune cikin tsohuwar motarsa. Mutumin zangon Kumasi ne, shekara goma sha bakwai yana goge benen makarantar.

"Malam Gariba, ina kake ranar Lahadi da rana?"

"Suna na je, Yallaɓai, gidan Anti Zakiya a Pleasant Garden. Mutum arba'in sun ga yawan waakye, shinkafa da wakenmu, da na ci, za su ba da shaida."

"Me zai sa a ce kai ne?"

"Saboda ni ne mai surutu." Ya ciro waya ya miƙa. "Duba. Ruwa yake zuba a kan akwatin nan tun shekara uku da suka wuce. Rahoto bakwai na tura. Kowane da hoto."

"Wa ka tura wa?"

"Ofishin Mista Elnathan. Kullum amsa ɗaya: ana kan dubawa. Yallaɓai, 'yata Houda tana busa kakaki a cikin 'yan badujalar nan. Ranar Juma'a za ta yi maci a gaban gari, ana nuna ta ana cewa ubanta ɓarawo ne?"

Shekari ya tura hotunan zuwa tasa wayar. A na ƙarshe, fatar gangar ta yi ɗigo-ɗigon kore.

Kyamarar zauren ta ɗauki ɓarawon ranar Lahadi ƙarfe uku da kwata. Ya rufe kai da hular riga, fuska ba ta fito ba. Shekari ya kalli bidiyon sau huɗu bai ga komai ba, sai ya kira Malama Ƙauna, mai koyar da 'yan badujala, ko za ta gane kayan.

Ta kalli daƙiƙa goma ta yi murmushi.

"Sufeto, wannan namu ne."

"Kin ga fuskarsa?"

"Ƙafarsa na gani. Da hagu ya fara. Dubi yadda yake sauke diddige, ya murza tafin ƙafa har yatsu, kafaɗa ba ta motsi. Haka muke koya musu, don kada kayan kiɗa ya girgiza. Mai shara da ya ɗauki ganga zai rungume ta ne a gefe yana ɗingishi. Wannan a ƙirji ya ɗora ta. Ƙirga takunsa daga wannan ginshiƙi zuwa wancan."

"Takwas."

"Taku takwas a yadi biyar. Sai wanda ya sha rana shekara huɗu a fili jikinsa ke yin haka shi kaɗai."

"Kuna ajiye sunayen tsofaffin ɗalibanku?"

"Littattafan hotuna na kowace shekara suna ɗakin ajiya. Ba mai buɗe su. Rabi ma asu ya ci."

Ƙarfe biyu Shekari ya zauna a ofishin Elnathan, ya roƙi kofi. Ya bar ƙofa a buɗe, yana kallon Elnathan yana dawowa ta dogon zauren da kofi cike taf a hannu. Diddige, tafi, yatsu. Ko ɗigo bai zuba ba.

"Na gode. Ka ce ƙwallo ka buga?"

"Eh, Baba."

Shekari ya buɗe tsohon littafin a kan tebur. Layi na biyu, yaro siriri da babbar ganga a ƙirji, sunan Elnathan a ƙasa.

Elnathan ya daɗe yana kallon hoton.

"Wa ya sa sabon fale a silin?"

"Ni."

"Gangar tana ina?"

"A gidana, Summerfield. Cikin gareji." Ya zauna. "Ranar Juma'ar da ta wuce na buɗe don a goge ta, yatsana ya shige cikin fatar kamar takarda. Baba, dattijon da zai buga ta bana shekararsa tamanin da ɗaya. Da wane ido zan kalle shi? Na ce idan sata ce, laifin ɓarawo ne. Idan ruwa ne, laifina ne."

"Rahoto bakwai, Elnathan."

"Ina ta cewa wata mai zuwa."

"Sai ka zaɓi mutumin da ya damu da ita fiye da kai, ka ɗora masa."

"Na ɗauka zai sami wani aikin."

Shekari ya rufe littafin. "Kafin mu tashi, rubuta wa hukuma cewa Malam Gariba ba shi da laifi. Yanzu, ina kallo. Wannan ba za ta jira wata mai zuwa ba."

Elnathan ya rubuta, ya tura. Sannan Shekari ya shaida masa ana tuhumarsa da sata da kuma kai rahoton ƙarya, ya karanta masa haƙƙoƙinsa. Bai sa masa ankwa ba sai da suka fita daga zauren.

A bakin fili Gariba yana tsaye jikin wayar shinge, yana kallon 'yan badujala sun jeru don atisaye, Houda a layi na uku da kakakinta. Shekari ya ɗaga masa hannu.

"Gobe ƙarfe shida, Malam. Ka zo da mabuɗinka."

Gariba ya gyaɗa kai, bai kalli Elnathan ba.

Malama Ƙauna ta busa usur, ta ƙirga huɗu. Yara sittin suka ɗaga ƙafar hagu. Elnathan ma, hannuwansa a baya, da hagu ya fara takawa zuwa mota.