Numfashi a Bakin Kafireta

Ranar Laraba ce da la'asar sakaliya, a shekarar da soja suka koma bariki. Maikano, malamin gona a Wudil, ya turo babur ɗinsa tsakar gida ya kafe shi a gindin katanga, ya shimfiɗa buhu ya jera sifanu. An ce sabuwar gwamnati za ta raba taki, ƙauyukan Achika da Kausani kuma a wuyansa suke, ga babur ya fara yi masa gardama.

Tsohon babur ne mai silinda biyu, kowace da kafiretarta. In kafiretocin ba su ja iska daidai da juna ba, sai inji ya riƙa ɗingishi. Maikano ba ya kai shi wurin makanike. A cewarsa duk garin babu mai kunnensa, kuma ba ƙarya ya yi ba, yawan faɗar ne dai ya ishi mutane. Yakan cire tanki, ya rataye kwalbar fetur a ƙusa ta riƙa shayar da injin. Sannan ya ɗauki guntun tiyo, kai ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kafireta, ya saurari yadda take shaƙar iska. Ya ji ta dama, ya ji ta hagu, ya ɗan murɗa sukuru, har sai sautin biyun ya zama ɗaya.

Ran nan ta hagu ta ƙi. Mai ya yi mata yawa, fulogi ya yi baƙi ƙirin, salansa sai aman hayaƙi take. Bai kuwa lura ba, bakin salansar yana kallon tsohuwar rijiyar gidan, wadda aka rufe da ruɓaɓɓen kwano tun zamanin mahaifinsa. Hayaƙin na bin hujojin kwanon yana gangarawa ƙasa.

Rana ta faɗi. Kaji suka shige akurki. Matarsa Suwaiba ta leƙo daga madafa.

"Baban Afra, almuru ta yi fa. A bar shi zuwa gobe mana."

"Murɗa ɗaya ta rage," in ji shi. Haka yake cewa kullum.

Ya mayar da tiyo kunne, ya kanga shi a bakin ta hagu. A ƙarƙashin shuuu ɗin iskar sai ya ji wani abu. Tari ne. Tarin ƙaramin yaro, siriri, daga nesa, kamar daga cikin tulu. Ya cire tiyon, babu komai sai ƙarar inji. Ya mayar, tarin na nan. Ya kashe babur ya tafi masallaci, bai gaya wa kowa ba.

Washegari da magariba tsakuwa ta fara sauka a kan rufin ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Suwaiba ta zagaya bayan gida ba ta ga kowa ba. Da safe Maikano ya tarar an kwance sukurun kafiretar hagu an ajiye shi a kan murfin rijiya. Ya ɗaure, ya sake tayar da inji, ya sake turnuƙe gidan. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma mai kunnen Wudil bai ji ba.

A kwana na uku abin ya taɓa Afra, 'yarsu tilo, mai shekara goma sha uku. Tana tankaɗe a tsakar gida sai rariya ta faɗi daga hannunta. Numfashinta ya rikice. Ta ja mai tsawo, ya katse, ta ja biyu gajeru, ya sake katsewa. Aka kai ta asibiti, aka auna ƙirji, aka ce ba a ga komai ba. Suka dawo gida. Maikano ya zauna a bakin ƙofa yana sauraronta, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don ya san wannan ɗingishin. Kwana uku yana jin sa a tiyo.

A kwana na bakwai ya je Kausani a motar haya ya ɗauko Malam Muhyiddeen, dattijo mai ƙaramar murya wanda aka sani da ruƙiyya. Suka iso bayan la'asar. Aka fito da Afra kan tabarma, kanta a cinyar uwarta. Malam ya zauna ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Inuwar katanga ta miƙe har ta rufe su. Can yarinyar ta buɗe ido, ba ta kalli kowa ba sai babur.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

Muryar tsohuwa ce, a dishe. Suwaiba ta runtse ido, amma ba ta saki kan 'yarta ba.

"Wace ce ke," in ji Malam, "kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi min komai ba. Ubanta ne. A rijiyar nan nake tun kafin a haife shi. Ya cika min ɗaki da baƙin hayaƙi, ya shaƙe min ɗa. Ya ji tarinsa da kunnensa, ya ci gaba. Tambaye shi."

Malam ya juya. Maikano ya sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam, na ji."

"To an cuce ki," in ji Malam, "kuma ga shi ya amsa. Amma ba a rama zalunci a kan wanda bai yi ba. Me zai raba?"

Ta ce a yanka mata baƙin bunsuru a bakin rijiya. Malam ya ce ba a yanka don kowa sai Allah, ya ci gaba da karatu har jikin yarinyar ya fara karkarwa. Sai aljanar ta sauko. Ta ce a kawar da ƙarfen nan daga ƙofarta, kada a ƙara tayar da shi da almuru. Malam ya ce an yarda.

"Kuma ya gyara shi yanzu, a gabana. In ga hayaƙin ya ɗauke."

Suka tura babur can bakin zaure. Lokacin wahalar mai ne, abin da ya rage a kwalba bai fi rabi ba. Maikano ya yi bisimilla ya buga kik. Inji ya tashi yana ɗingishi, nan take ƙirjin Afra ya kama bin sa. In ya ja ta ja, in ya sarƙe ta sarƙe.

Maikano ya sa tiyo a kunne. Ya rage wa ta hagu mai, kwatan murɗa. Inji ya yi kamar zai mutu, yarinyar ta banƙare, Suwaiba ta kira sunan Allah. Ya yi maza ya mayar da rabin abin da ya rage. Ya saurari dama, ya saurari hagu. Ta hagu na ja da ƙarfi fiye da 'yar'uwarta, ya sassauta wayar totur ɗinta kaɗan, kaɗan, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan injin. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. A hankali sautin biyu suka matso juna, suka haɗu. Hayaƙi ya washe. Inji ya kwanta luf yana bugawa daidai, ƙirjin Afra na hawa da sauka tare da shi.

"Yanzu ka yi aiki," in ji muryar. "Zan fita. Amma na bar numfashinta a jikin ƙarfen. Kashe shi ka gani."

Babban yatsan ƙafar yarinyar ya girgiza, jikinta ya saki. Idonta a rufe, tana numfashi, kuma har yanzu da bugun inji take tafiya.

Maikano ya kalli kwalba. Saura yatsa biyu.

"Suwaiba, riƙe nan. Bari in ruga bakin gada wurin 'yan bumburutu in sayo mai."

"Zauna," in ji Malam. "In ka ƙara yau, gobe fa? Haka za ka ƙare rayuwarka kana ɗura wa ƙarfe mai?"

"Allah gafarta Malam, ka ji abin da ta ce."

"Na ji. Ta kasa samun bunsuru, shi ne take so ta tafi da imaninka. Ran 'yarka ba a hannunta yake ba, ba a kunnenka yake ba. Kashe shi da hannunka kafin ya mutu da kansa."

"In kuma gaskiya ta faɗa?"

Ladan ya fara kiran magariba daga masallacin unguwa. Maikano ya dubi matarsa, hawaye na zuba a fuskarta, ta gyaɗa masa kai sau ɗaya. Ya kama makulli. Yatsun nan da suke jin kwatan murɗa a duhu suka yi masa nauyi kamar ba nasa ba. Ya ce bismillahi, ya murɗa.

Gidan ya yi tsit. Ƙirjin Afra ya sauka, bai taso ba. Ƙarfen inji na ƙas, ƙas, yana hucewa. Ladan ya kai ƙarshen kira ya yi shiru.

Sai yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi. Ta ja iska har cikin cikinta, ta buɗe ido, ta ce da 'yar muryarta ta kullum, "Alhamdu lillahi."

Maikano ya durƙushe a gindin babur ya rufe fuska da hannuwansa masu baƙin mai. Malam ne ya amsa mata da yarhamukillahu.